Masu Amsa Sunan Gaya

Wanda bai san ƙasar Kano ba, idan ya ji an ce Sule Gaya, aka ce Kabiru Gaya, aka kuma ce Abdullahi Mahmud Gaya, zai iya ɗauka kaka ne da ɗa da jika. Sai dai Gaya ba sunan uba ba ne, sunan gari ne, tsohon gari mai sarki da ke gabas da Wudil. Kabiru ɗan Ibrahim ne, Abdullahi ɗan Mahmud, abin da ya haɗa su a takarda shi ne mahaifa. Mai neman sunan a intanet ma sai ya yi hattara, don akwai Gaya ta Jamhuriyar Nijar a bakin iyakar Benin, akwai Gaya ta ƙasar Indiya, har da wani ɗan ƙwallon Valencia da ake rubuta sunansa da waɗannan haruffa huɗu. Tamu dai ita ce ta Kano.

Bahaushen da can ba ya liƙa sunan garinsu a bayan sunansa sai ya bar gida. A cikin gari, sunan uba ko na sana'a ko laƙabi ya ishe shi. Makarantar boko ce ta mayar da abin rubutacce. Idan malami ya tarar da Sule uku ko Shehu biyu a aji ɗaya, sai ya raba su da garuruwansu a rajista, sunan kuma ya bi yaro har furfura. Ta haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita da Shehu Shagari, shi kansa Sardauna Ahmadu Raɓa ake kiransa a Kwalejin Katsina. To, mutumin da ya ɗauki sunan gari ya ɗauki kaya. In ya yi abin kirki garin ya sami yabo, in ya yi abin kunya a ce ɗan gari kaza ne. Su ma mutanen garin suna ganin suna binsa bashi, tun da sunansu ya ara ya tafi da shi Kaduna ko Abuja.

Kayan sunan Gaya ya fi na garuruwa da yawa nauyi, saboda tsohuwar alaƙarta da birnin Kano. Tarihin baka ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya suka fara zuwa gindin Dala neman tama, su ne ake kira Abagayawa, har wasu na cewa sunan shugabansu Kano, daga gare shi birnin ya samo suna. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, mutumin Gaya ya tashi da jin cewa shi ne yaya, birni ƙane. Birni kuwa bai taɓa karɓar wannan lissafi ba. Duk wanda ya yi fice da sunan Gaya, in ka bi tarihinsa, za ka tarar a tsakanin waɗannan biyu ya yi rayuwarsa: birni na buƙatarsa, birni kuma ba ya son ya yi tsawo da yawa.

Kafin zamanin rajista, masu amsa sunan su ne sarakunan garin. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Agalfati, ɗan Sarkin Macina, wanda ya zo a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452 zuwa 1463) ya zama Sarkin Gaya. Amma wanda labarinsa ya fi tsayawa a rai shi ne Farin Dutse. A zamanin Sarkin Kano Dadi (1670 zuwa 1703) ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai haraji birni ba. Dadi bai ci shi da yaƙi ba, lallashinsa ya yi har ya zo ganawa, aka kashe shi. Abin da ya sa labarin ya yi ɗaci, Farin Dutse shi ne mahaifin Maryama, Maryama kuwa ita ce ta haifa wa Dadi ɗansa Muhammadu Sharefa. Ke nan surukinsa ya kashe. Da Sharefa ya hau gadon mulki a 1703, sai mutanen Gaya suka zama masu faɗa a ji a fadar Kano, dangin uwar sarki ke nan. Abin da kaka ya nema da ƙin biyan haraji bai samu ba, jika ya kawo shi ta ɗakin uwa.

A ƙarni na 20, wanda ya fara kai sunan Gaya gaban jama'ar Arewa shi ne Alhaji Sule Gaya. Yana cikin ajin nan na 'yan boko na farko da suka bar alli da allo suka shiga siyasa. Ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a jam'iyyar NPC, ya zama minista a gwamnatin Sardauna, har ya riƙe ma'aikatar ƙananan hukumomi, wadda ke sa ido a kan En'e. Ba kujerar jin daɗi ba ce ga Bakano a waɗannan shekaru. A 1962 gwamnatin Kaduna ta sa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya tafi Azare. Duk ɗan Kano da ke cikin gwamnatin lokacin yana tsakanin guduma da uwar maƙera ne: ga Firimiya da yake yi wa aiki, ga sarkin da yake faɗuwa ya gaisar. Sule Gaya ya fita daga wannan zamani da mutuncinsa, kuma sarautar da aka san shi da ita har tsufansa ita ce Sarkin Fadan Kano. Mutumin Gaya, a tsakiyar fadar birni.

Kabiru Ibrahim Gaya, wanda aka haifa a 1952, mai zanen gine-gine ne da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yadda ya zama gwamna abin a tsaya a kai ne. A watan Agustan 1991 gwamnatin Babangida ta yanke Jigawa daga Kano, sai Gaya ta wayi gari a bakin iyaka, Dutse maƙwabciyarta ta zama babban birnin wata jiha. A watan Disamba aka yi zaɓen gwamnoni tsakanin jam'iyyu biyu da soja suka ƙirƙira, SDP da NRC. Kano ta SDP ce, don a nan magoya bayan tsohuwar PRP suka taru. Amma sun shigo da tsohuwar rigimarsu ta Santsi da Taɓo, kowane ɓangare ya fi son ɗan'uwansa ya faɗi a kan ya ga ya ci. Ta wannan ɓaraka ɗan takarar NRC ya wuce. Shaidar cewa ba NRC ce ta cinye zukatan Kanawa ba ta fito a zaɓen 12 ga Yunin 1993, inda Abiola na SDP ya kayar da Bashir Tofa na NRC a jihar Tofa ta haihuwa, alhali gwamna na NRC ne.

An rantsar da Kabiru Gaya a Janairun 1992, Abacha ya rushe gwamnatocin farar hula a Nuwamban 1993. Bai cika shekara biyu ba. Masu yabonsa da masu sukarsa duk suna mance wannan idan suna auna mulkinsa da na waɗanda suka yi huɗu ko takwas.

Inda ya daɗe shi ne Majalisar Dattawa. Ya wakilci Kano ta Kudu daga 2007 zuwa 2023, sau biyu a ANPP, sau biyu a APC, shekara 16 cur. Ya shugabanci kwamitin ayyuka, daga baya ya shugabanci kwamitin hukumar zaɓe ta INEC, kuma a hannun kwamitinsa ne aka yi ta kai ruwa rana a 2021 a kan tura sakamakon zaɓe ta na'ura, kafin Buhari ya sa wa sabuwar dokar zaɓe hannu a Fabrairun 2022. Babban zaɓen ƙasa na farko da aka yi da wannan doka shi ne ya raba shi da kujerar. Guguwar NNPP ta 2023 ta zo, Kawu Sumaila ya kayar da shi, wani mai amsa sunan garinsu shi ma. A ganina ba guguwar kaɗai ba ce. Mazaɓar ta ƙananan hukumomi 16 ce, mutumin Rano da na Tudun Wada da na Sumaila ba sunansu ne ke kan kujerar ba, kuma shekara 16 ta isa su fara tambayar yaushe za a kira nasu.

A rana ɗaya Abdullahi Mahmud Gaya ya rasa tasa kujerar ta Majalisar Wakilai, bayan ya wakilci Gaya da Ajingi da Albasu tun 2015.

Ajingi ta nuna yadda al'adar sunan ta canja. A da ƙasar Gaya ce, yaron da ya fito daga can zuwa makarantar Midil ta Kano ba mamaki a rubuta masa Gaya, don sunan da malamai suka sani ke nan. Da aka yanke ta ta zama ƙaramar hukuma, sai 'ya'yanta suka koma amsa sunayen ƙauyukansu. Fitaccen ɗan siyasarta Abdul'aziz Garba Gafasa ne, ba Gaya ba, ba ma Ajingi ba. Ya yi shugabancin Majalisar Dokokin Kano a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ya sake yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020. A wannan zama na biyu ne tarihi ya sake haɗa shi da sunan da bai ɗauka ba.

A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Ƙaraye da Gaya. Sarkin Gaya Ibrahim Abdulƙadir, dattijon da ya daɗe yana bin Sarkin Kano, ya karɓi sandar sarki mai daraja ta ɗaya. Kotu ta soke dokar a Nuwamba saboda ba a bi ƙa'ida ba wajen yin ta, majalisa ƙarƙashin Gafasa ta sake zartar da ita a Disamba. Kowa ya san rigimar gwamna da Sarki Muhammadu Sanusi II ce ta haifi dokar, ba ƙaunar tarihin Abagayawa ba. Duk da haka a Gaya an yi murna ta gaske, don abin da Farin Dutse ya rasa ransa a kai ne aka miƙo a takarda.

Sarki Ibrahim ya rasu a Satumban 2021, ɗansa Aliyu ya gaje shi. Ranar 23 ga Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe masarautun, ta mayar da Sanusi. Aliyu bai ja da hukuncin ba, ya fito fili ya karɓe shi a matsayin ƙaddara. Bayan wata biyu aka yi sabuwar doka da ta kafa Rano da Ƙaraye da Gaya a matsayin masarautu masu daraja ta biyu a ƙarƙashin Sarkin Kano. Rano da Ƙaraye aka naɗa musu sababbin sarakuna. Aliyu Ibrahim Abdulƙadir shi kaɗai ne cikin waɗanda aka sauke aka mayar gidansa, da ƙasar da ta rage ƙananan hukumomi uku: Gaya da Ajingi da Albasu.