Gulbin Maraɗi: ruwan da ya zaunar da gari, ya kuma tashe shi

In ka taɓa tsayawa bakin Gulbin Maraɗi cikin watan Maris, ba abin da za ka gani sai rairayi da sawun shanu. Baƙo ma sai ya ce ina gulbin yake? To, ka dawo a watan Agusta ka ga ikon Allah.

Ruwan nan ba a ƙasarmu yake tasowa ba. Daga ƙasar Katsina ta Najeriya yake fitowa, can ana ce masa Gada. Ya bi ta Jibiya, ya ƙetaro iyaka ya shigo gundumar Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya karkata ya koma Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Rima ta kai shi Gulbin Sakkwato, daga nan sai Kwara, wato babban kogin nan da ya ratsa Yamai. Baƙo ne ke nan mai zuwa da damina, amma abin da yake bari a fadama shi ake ci har shekara ta kewayo.

Fadamar nan ita ce tushen garin. Bayan jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo ya soma a 1804, Birnin Katsina ya faɗi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya watse. Bayan shekaru na yawo, Ɗan Kasawa ya zo ya zauna a wannan kwari wajen 1819. Shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Me ya sa nan? Ka tuna a lokacin kwarin kurmi ne mai duhu. Doki ba ya sukuwa cikin sarƙaƙiya, ga ruwa kusa, ga ƙasa mai albarka. Mai gudun yaƙi me zai nema bayan wannan? Gobirawa ma haka suka yi. Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri, ɗan taƙi kaɗan daga Maraɗi, a bakin gulbi guda. Matasa su sani, waɗanda suka gwabza a yaƙoƙin nan ta kowane ɓangare kakanninmu ne, jikokinsu kuwa yau suna sallah sahu ɗaya, suna auratayya tsakanin Maraɗi da Katsina.

Amma ruwa ba shi da aboki. A daminar 1945 gulbi ya cika ya batse, ya shiga tsohon gari da ke cikin fadama ya rusa gidajen ƙasa. Nasara, da ke mulki a lokacin, suka mai da garin bisa tudu, aka shata tituna masu faɗi. Maraɗin da kake yawo cikinta yau ɗiyar wannan ambaliya ce, kuma a kan tudun nan kasuwancin gyaɗa ya bunƙasa har alhazan garin suka yi suna. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda wasu ke sayen fili a gangare don araha, kamar ba su da tsoho a gida da zai ba su labari.

Kudu da gari akwai tafkin Madarunfa, mai kifi da tsuntsaye, inda ake faɗin kaburburan waliyyai 99. A Jiratawa kuwa, tun farkon shekarun 1980 gwamnati ta shirya filin noman rani da ake janyo ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa. Zogalen da ake kai wa har Yamai, mai yawa daga wannan kwari yake fita.

Ga inda gizo ke saƙa. Ruwan ƙarƙashin ƙasar nan gulbi ne ke cika shi duk damina. Wajen 1990 Najeriya ta gina madatsar ruwa a Jibiya, wadda mutanenmu ke ce wa baraj, kuma tun daga nan manoman fadama ke kukan ruwa ba ya malala kamar da. A ran 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniya a Maiduguri don raba ruwan da suka yi tarayya cikinsa bisa adalci, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na cikin waɗanda aka ambata da suna. Takarda dai tana nan. Sai dai kada mu ɗora wa maƙwabta laifin duka. Kurmin da ya kare Ɗan Kasawa mu muka sare shi, ragowarsa sai wajen Baban Rafi. Da itace ya ƙare, gaɓa ta dinga zaizayewa, rairayi na cike hanyar ruwa, garake na ruftawa. Kai da ke haƙa rijiya a garkar mahaifinka, tambaye shi gaba nawa yake sauka kafin ya tadda ruwa sa'ad da yake saurayi, ka gwada da naka na bana.