Annoba Biyu a Legas: Nisanta Jiki Daban, Gudu Gida Daban

Jama'a, mu da muke zaman kasuwanci a Kudu muna da wata al'ada, da zarar an ce ciwo ya ɓarke sai hankalin kowa ya koma tashar mota. To, tarihin annoba biyu da suka shigo ta Legas ya isa ya sa mu sake tunani.

Ta farko ita ce murar nan mai kisa ta 1918, ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Satumba na shekarar wani jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Legas da marasa lafiya a cikinsa. Hukuma ta yi ƙoƙarin killace masu ciwon, ta rufe makarantu da wuraren taro, amma mutane suka tsorata, suka yi ta ficewa daga gari, wasu ta jirgin ƙasa, wasu ta kwalekwale, wasu a ƙafa. Kowa na ganin ya tsira, alhali da ciwon yake tafe. Haka ta bi layin dogo da hanyoyin fatake har Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum wajen 500,000 suka rasu a Nijeriya.

Ta biyu kuwa da idonmu muka gani. Ran 20 ga Yuli, 2014, wani mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Aka kai shi asibiti a Obalende, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta. Ya matsa a sallame shi, likita Stella Adadevoh ta ce atafau ba zai fita ya shiga jama'a ba. Ya rasu ran 25 ga Yuli, ita ma ta kamu, ta rasu ran 19 ga Agusta.

A lokacin babu allurar rigakafi da aka amince da ita. Me aka yi? Ita Ebola ta jini da amai da gudawa da taɓa gawa ake ɗaukarta, kuma tana iya kwana 21 a jiki kafin ta bayyana. Saboda haka aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu ciwon, kullum ana auna zafin jikinsu, wanda zazzaɓi ya kama a keɓe shi. Aka ɗage komawa makarantu. Mu kanmu muka rage musabaha, muka ajiye ruwa da sabulu a bakin shago, abin da ya yi mana nauyi ƙwarai, don ba mu saba a ce mutum ya miƙo hannu a ƙi karɓa ba.

Amma ku duba inda ɓaraka ta fito. Mutum guda cikin waɗanda ake sa wa ido ya sulale zuwa Fatakwal, likitan da ya duba shi a ɓoye ya kamu ya mutu, ciwon ya buɗe sabon gida. Duk da haka aka tare shi. Jimilla mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba, 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da Ebola.

Cututtukan biyu ba ɗaya ba ne, mura ta iska take bi, ta fi wuyar tarewa. Sai dai hanyar da suka bi suka bar Legas guda ce, wato jikin matafiyi. Mu da muke kwana shida ko bakwai a ɗaki ɗaya, muke cin tuwo a akushi ɗaya, tirelolinmu na shanu da goro ba sa tsayawa, wannan magana tamu ce. In wata ta sake zuwa, Allah Ya kiyaye, mai zazzaɓi a ware masa ɗaki da kwano, a sanar da Sarkin Hausawa da ma'aikatan lafiya, ƙungiya ta ɗauki nauyin cinsa. Kada a sa shi a mota a ce ya je gida ya yi jinya, don tsofaffinmu da 'ya'yanmu ne a can. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.