Na'urorin dagula radar ɗin ƴan sanda: hukuncin da ke kan mai sayarwa a Faransa da Amurka

A shagunan intanet masu sayar da kayan mota akan ci karo da wani ɗan akwati da bai wuce girman salula ba, ana tallarsa da cewa in direba ya liƙa shi a gilashin gaba, radar ɗin ƴan sanda ba zai iya auna gudunsa ba. A Faransa da Amurka sayar da wannan kaya laifi ne, kuma faɗin cewa akwatin ba ya aiki ba ya fidda mai sayarwa daga hannun hukuma.

Radar ɗin da jandarma ko ɗan sanda ke riƙewa a bakin hanya yana harba igiyar rediyo ne zuwa ga mota. Igiyar ta bugi jikin motar ta dawo, amma da ɗan canji a yawan kaɗawarta, kuma daga wannan canji na'urar ke lissafa gudu. Masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana wannan ƙa'ida a 1842. A Amurka ƴan sanda na aiki da zango uku da ake kira X da K da Ka.

Kayan da ake sayar wa direbobi iri biyu ne, kuma mutane kan haɗa su wuri guda alhali ba ɗaya ba ne. Akwai na'urar gano radar, wadda saurare kawai take yi, ta yi ƙara in ta ji igiyar ƴan sanda. Akwai kuma na'urar dagula radar, wadda ke watsa tata igiyar don ta rikita lissafin.

Faransa ba ta bambanta su. A dokar hanya ta ƙasar, sashe na L413-2 ya tanadi ɗaurin shekara 2 a gidan kaso da tarar euro 30,000, wato sama da miliyan 19 na kuɗin sefa, ga duk wanda ya ƙera irin wannan na'ura, ko ya shigo da ita, ko ya baje ta, ko ya sayar, ko ya ba da hayarta, ko ya kwaɗaitar da wani ya saya. Inda dokar ta rufe ƙofa shi ne ta haɗa har da na'urar da aka gabatar a matsayin mai wannan aiki. Ma'ana, ko kwalin banza ne da ƴar fitila mai ƙyaftawa, muddin an tallata shi da sunan maganin radar, laifin ya tabbata. Shi kuwa direban da aka kama da ita, sashe na R413-15 ya ɗora masa tarar da ta kai euro 1,500, kusan jikka 984, da cire maki 6 daga cikin 12 na permi. Ana ƙwace na'urar, ana iya dakatar da permin har shekara 3, motar ma alƙali na iya karɓe ta. A watan Janairun 2012 aka faɗaɗa haramcin ya shafi na'urorin da ke nuna wa direba takamaiman wurin da aka kafa radar, abin da ya sa kamfanoni irin su Coyote suka koma nuna yankin haɗari kawai.

A Amurka lamarin ya bi ta wata hanya dabam. Na'urar gano radar halal ce a motocin gida a yawancin jihohi, in ban da Virginia da birnin Washington, sai dai dokar tarayya ta hana ta a manyan motocin haya. Na'urar dagulawa kuwa haramun ce ko'ina, kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, FCC, ke bin sawunta, tunda radar ɗin ƴan sanda rediyo ne mai lasisi. Dokar sadarwa ta 1934 ta hana yi wa irin wannan rediyo katsalandan da gangan, ta kuma hana kasuwancin na'urar da hukumar ba ta amince da ita ba.

Shari'ar da aka fi ambato ita ce ta kamfanin Rocky Mountain Radar. Kamfanin ya kafa hujja da cewa na'urarsa mai suna Spirit II ba ta ƙirƙirar igiya, ta ƴan sanda take karɓa ta gauraya ta da wata ƴar ƙara ta mayar musu, don haka dokar masu watsa rediyo ba ta hau kanta ba. FCC ta ƙi wannan hujja a 1997, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Denver ta goyi bayan hukumar a 1998. Kamfanin bai daina ba, har a 2007 hukumar ta ci shi tarar dala 25,000 saboda wasu sabbin samfura biyu. Abin dariyar shi ne masu gwajin kayan mota sun sha tunkarar radar da irin waɗannan na'urori a liƙe, gudun motarsu ya fito ɓaro-ɓaro. Mai sayarwa ya shiga tsaka mai wuya ke nan: in ya ce kayansa na aiki ya amsa laifin katsalandan, in ya ce ba ya aiki ya amsa cewa cutar mai saye yake yi.

Tarar dala 25,000 ba wani abu ba ce in aka kwatanta da wadda ta faɗa kan C.T.S. Technology, wani kamfanin ƙasar Sin da ke kasuwanci ta intanet. A 2016 FCC ta yanke masa dala miliyan 34.9 saboda tallata samfura 285 na na'urorin toshe sadarwa ga Amurkawa, ciki har da masu toshe salula da GPS. Jami'an hukumar sun yi shigar masu saye, kamfanin ya aiko musu guda 10. Dalilin tsananin shi ne na'urar toshewa ba ta zaɓe: wadda aka kunna don guje wa ɗan sanda tana iya katse kiran neman agaji na wanda ke kusa.

Saura batun bindigar auna gudu mai aiki da hasken leza, wadda ƴan sanda ke ƙara amfani da ita. Tunda haske ne ba igiyar rediyo ba, dokokin FCC ba su kai gare ta ba, sai kowace jiha ta yi tata. California da Texas da Virginia na cikin waɗanda suka hana na'urar dagula leza, wasu jihohin kuwa sun bar ta. A Faransa babu wannan giɓi, domin dokar ta ambaci duk na'urar da ake amfani da ita wajen tabbatar da laifin hanya, ba radar kaɗai ba.