Kano Kafin Zuwan Wangarawa

'Yan'uwa, wanda Allah Ya kai shi Kano a cikinku, ya leƙa Gidan Makama kusa da fadar Sarki. Ginin tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) yake, yanzu can ake ajiye kayan tarihin birnin. Ɗalibaina da yawa sun ɗauka da jihadi tarihin Kano ya fara. Ina! Tun ƙarni na 7 ake narkar da tama a Dala, can kuma aka yi bautar Tsumburbura. Sai zamanin Sarki Yaji (1349-1385) malaman Wangarawa suka iso daga Mali, aka naɗa liman da ladan. Har zuwan Shehu Magili, wanda ya rubuta wa Rumfa nasihar mulki, tsafi bai gama mutuwa ba.