Sunan Gari da Neman Asalin Waɗanda Suka Yi Ƙaura: Misalin Ƙasar Gwarzo da Kabo

A ƙasar Gwarzo da Kabo, kamar sauran yammacin Kano, da wuya a bi labarin gida har ƙarshe ba a ambaci wani kaka da ya tafi bai komo ba. Wani ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, wani ya yi gabas bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, wani kuma yunwar 1913 zuwa 1914 ta kore shi. Jikokin irin waɗannan mutane suna Kumasi, suna Ankara, suna bakin Kogin Nilu a Sudan. Abin tambaya shi ne, da wace shaida za a haɗa su da gidan da suka fito, tun ba ma in maganar gado ta taso ba?

Ya kamata a dubi wata ƙasa inda wannan bincike ya yi nisa, watau Norwe, a arewacin Turai. A 1825 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Restauration ya tashi daga Stavanger da mutum 52, ya isa New York da 53, gama an haihu a hanya. Cikin shekara ɗari da suka biyo, wajen mutum 800,000 suka bar ƙasar zuwa Amurka. Jikokinsu suna da abin dubawa: littattafan majami'a inda a ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, da ƙidayar 1801 da 1865 da 1900, da rajistar masu fita da 'yan sanda suka fara tun wajen 1867. Duk da haka suna ya kan ɓad da su. Kafin dokar 1923 wadda ta tilasta sunan zuriya tsayayye, mutumin ƙauye ya kan ɗauki sunan ubansa, ya ƙara da sunan gonar da ya ke zaune. In ya sake gona, sai ya sake suna.

Wannan ita ce matsalar Bahaushe sak, sai dai takardunsa sun fi ƙaranci. Rahotannin kimanta haraji da ke ajiye a Kaduna sun fi kula da yawan mutane da amfanin gona, ba su cika damuwa da wane ɗan wane ba. Littattafan alƙalai sun fi amfani, domin rabon gado ba ya yiwuwa sai an lissafta magada, har da wanda ba ya nan. Allan Christelow ya nuna darajar irinsu da ya fassara shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914. Akwai kuma abin da malamai su kan rubuta a ƙarshen littafin da suka kwafa, inda marubuci ya kan faɗi sunansa da na ubansa, wani lokaci har da garinsu.

Saura suna, kuma a nan ne mai ilmin harshe ya ke da abin faɗi. Ba a kiran mutum Na-Gwarzo a cikin Gwarzo, sai ya fita. Sunan gari laƙabi ne da baƙi su ke ba baƙo, saboda haka abin da ya ke nunawa shi ne zangon da aka san shi da shi, ba lalle inda aka binne cibiyarsa ba. Mutumin Kabo da ya sauka Salaga Bakano ne kawai, in ya wuce Sudan kuwa ya zama Fallata ko Takari tare da Barebari da Fulani. Makarantar boko ta ƙara rikita al'amarin, da ya ke ta saba rubuta yaro da sunan garin da ya zo daga gare shi, ko da ubansa baƙo ne a can.

Labarin Alhassan Ɗantata ya isa gargaɗi. An haife shi a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Sunan ubansa Abdullahi. Da uban ya rasu, uwar ta tafi Ankara ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwa Tata, daga ita sunan ya fito. Wanda ya bi sunan nan yana neman uba ko gari zai sha wahalar banza. Abin da ya riƙe zaren shi ne sunan dangi, Agalawa, waɗanda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 kan fataucin goro cewa asalinsu Buzaye ne da suka zauna ƙasar Katsina da Kano. Irin wannan suna, da tsagen fuska, da kirarin gida, su ne su ke bin mutum duk inda ya sauka, ba kamar sunan gari ba.

Tsage kuwa an daina yinsa a yawancin gidaje, kirarin gida ma sai a bakin tsofaffin mata. Malamin da zai aiki ɗalibansa ƙauyukan Gwarzo da Kabo lokacin hutu, ya umurce su kada su tsaya ga tambayar sunan wanda ya tafi. Su tambayi danginsa, da irin tsagensa, da madugun da ya bi, da kuma wanda ya noma gonarsa a bayansa.