Sunan Yusha'u a Ƙasar Gobir: Asalinsa da Hanyar da Ya Biyo

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saurari kiran sunayen ɗalibai a makarantun Tozai, ko Isa, ko Sabon Birni, zai ji Musa da Haruna da Yusufu har ya gaji, amma sai jefi-jefi zai ji Yusha'u, ko a matsayin sunan yanka ko a matsayin sunan mahaifi. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wannan suna, mu ga inda ya samo asali da hanyar da ya biyo har ya iso Gobir. Abin da ya sa muka ga dacewar yin haka shi ne, akan sami masu ɗaukar irin waɗannan sunaye a matsayin hujjar cewa Gobirawa jinin Yahudawa ne ko na Kibɗawa. A ganinmu hujjar ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

2.0 Asalin Sunan

Tushen sunan Ibrananci ne, watau Yehoshuwa, ma'anarsa kuwa Ubangiji shi ne mai ceto. A cikin Attaurar da ke hannun Yahudawa, a Littafin Ƙidaya, sura ta 13, an nuna cewa sunan mutumin na farko Hosheya ɗan Nun ne, Annabi Musa (A.S.) ne ya sauya masa shi. Shi ne kuma ya jagoranci Bani Isra'ila bayan rasuwar Annabi Musa.

Daga nan sunan ya rabu gida biyu. Da aka fassara Attaura zuwa harshen Girka, sai aka rubuta shi Iyesus. Larabawa kuwa suka kira shi Yusha' bin Nun.

3.0 Shigowarsa Ƙasar Hausa

Ba a ambaci sunan Yusha'u ƙarara a cikin Alƙur'ani ba. A Suratul Kahfi, aya ta 60, yaron Annabi Musa kawai aka ce. Hadisin da Buhari ya ruwaito ne ya bayyana sunansa. Haka nan a Suratul Ma'ida, aya ta 23, an ambaci wasu mutum biyu masu tsoron Allah, malaman tafsiri suka ce Yusha'u ɗaya ne daga cikinsu. Tafsirin Jalalaini, wanda malamanmu suka fi karantawa a cikin watan azumi, ya kawo sunan a wuraren nan biyu. Ɗaya daga cikin mawallafansa, Jalaluddin Suyuɗi (ya rasu a 1505), har wasiƙa ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas, maƙwabtan Gobir.

Wannan shi ne dalili na farko na ƙarancin sunan. Yaron da ke makarantar allo yana haɗuwa da Musa da Haruna a kan allonsa, amma ba ya haɗuwa da Yusha'u sai ya kai ga littattafan ilmi, ko ya zauna wurin tafsiri.

4.0 Batun Kibɗawa da Yahudawa

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labari a cikin Infaƙul Maisuri cewa Gobirawa daga Kibɗawan Masar suka fito. Haka kuma tarihi ya tabbatar da zaman Yahudawa a Tuwat, cikin Sahara, har zuwa wajen 1492 lokacin da Shaihu Magili ya tayar musu, kafin zuwansa Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ba mu zo yanke hukunci kan asalin Gobirawa ba. Tambayarmu ita ce ko sunan Yusha'u zai iya zama shaida a wannan shari'a.

Amsar tana cikin lafazin sunan kansa. Kibɗawa daga harshen Girka suka fassara littafinsu, saboda haka da ta hannunsu ya zo, da mun ji wani abu mai kama da Iyesus. Da kuma kai tsaye ya zo daga Ibrananci, da mun sa ran jin harafin "h" na Yehoshuwa. Abin da muke ji a bakin Bagobiri shi ne siffar Larabci: ainun ya koma hamza kamar a Sa'idu da Rabi'u, sa'an nan aka rufe da wasalin "u" kamar a Yusufu da Sulaimanu. Ko a jerin sarakunan Alƙalawa, kafin faɗuwarta a 1808, tsakanin Babari da Bawa Jan Gwarzo da Nafata da Yunfa, sunan Annabin Bani Isra'ila da muke gani, watau Yakubu, a siffarsa ta Alƙur'ani yake. Siffar Joshuwa da Kiristoci ke amfani da ita kuwa baƙuwa ce ta ƙarni na 20, ta zo tare da 'yan mishan da fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa ta 1932.

5.0 Zamansa Sunan Mahaifi

Bahaushe ba shi da al'adar sunan zuri'a irin ta Turawa. Yana da sunan yanka, da sunan rana, da laƙabi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, rajistar makarantar boko da takardun aiki suka buƙaci suna na biyu. Wasu suka ɗauki sunan gari, kamar Shehu Shagari da Aminu Kano, wasu kuma sunan mahaifi. Amma sunan mahaifi galibi ba ya wuce 'ya'ya: ɗan Yusha'u zai amsa shi, jika kuwa sai ya ɗauki sunan nasa uban. Wannan ne dalili na biyu na ƙarancinsa.

6.0 Kammalawa

Sunan Yusha'u, kamar yadda muka gani, hanyar littafi ya biyo zuwa Gobir, daga Ibrananci zuwa Larabci, daga hadisi da tafsiri zuwa zauren malam, daga can zuwa taron raɗin suna. Saboda haka muna ba ɗalibanmu masu tattara tarihin baka a Tozai da kewayenta shawara, in sun ci karo da irin wannan suna a wani gida, su fara tambayar wane malami ne ya raɗa shi, da kuma inda ya yi karatu. Ta nan za su fi samun abin da zai amfani tarihin ilmi a Gobir.