Tarihin Dogon Yaro a Maiduguri: Baƙon da Ya Zama Mai Gadin Lambun Gida

Duk wanda ya shigo Maiduguri, ko ta hanyar Kano ko ta hanyar Baga, kafin ya ƙare wa gine-gine kallo bishiya zai fara gani. Dogon yaro ne jere a gefen titi, a bakin masallatai, a filin makarantu, har ƙofar gidajenmu na nan Umarari. Bakano ya ce dalbejiya, Basakkwace ya ce dogon yaro, a nan gabas kuma sau da yawa maina ake cewa. Saboda yawansa, yaranmu na ɗauka tun fil azal yake nan, kamar tsamiya da aduwa da kurna. To, ba haka ba ne. Shi ma baƙo ne kamar mu, kuma a 1928 ya shigo ƙasar Barno.

Shi kansa garin ai ba tsoho ba ne. A 1907 Turawan Ingila suka kafa sansaninsu kusa da kogin Ngadda, a shekarar ce kuma Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa Yerwa. Fatake Hausawa suka biyo, da maniyyatan da ke takawa a ƙasa zuwa Makka ta Cadi da Sudan, wasu suka yada zango ba su ƙara gaba ba. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, jama'a suka ƙaru. Amma wurin da aka kafa garin rairayi ne, damina wata huɗu ce kacal, zafin Afrilu kuwa yakan haura digiri 40. Gari irin wannan ba ya zaunuwa sai da inuwa.

Asalin dogon yaro ƙasar Indiya ce da Bama. Ya shigo Afirka ta Yamma ta Gana, zamanin Gwamna Guggisberg wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927. Daga Gana aka kawo irinsa Lardin Barno, ya kuwa karɓi ƙasar nan hannu bibbiyu. Saiwarsa na nutsawa ƙasa sosai neman laima, yana da saurin girma, kuma yana nan kore shar lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Cikin shekarun 1930 aka yi ta dasa shi a Kano da Katsina da Sakkwato. A Nijar, daga 1975 aka jera shi layi-layi a kwarin Maggiya na jihar Tawa don ya tare wa gero iska. Alhazanmu ma sun san shi, domin bishiyoyin da ake fakewa ƙarƙashinsu a filin Arfa shi ne.

Masu kawo shi inuwa da itace suke nema. Amma babban amfaninsa a tsakar gida ya bayyana. Turawa a unguwarsu ta GRA ciyawar ado da furanni suke renowa. Iyayenmu mata kuwa lambunsu na tukunyar miya ne: ɗan fili a bayan ɗaki ko kusa da randa, inda ruwan alwala da na wanke hatsi ke gangarawa, a shuka alayyahu da yakuwa da rama da kuɓewa da karkashi, zogale ya tsaya a jikin danga. Abokan gaba su ma sanannu ne: fara, da tsutsa, da gara, da darɓar nan da ke lulluɓe ganyen wake. Maganinsu a da shi ne toka da ake barbaɗawa da sanyin safiya tun raɓa ba ta bushe ba, da tsince tsutsa da hannu, da cuɗa wake da toka ko barkono kafin a adana. Da dogon yaro ya zama ɗan gari, busasshen ganyensa ya shiga cikin buhunan hatsi, abin da manoman Indiya suka daɗe suna yi.

Masana sai daga baya suka gano dalili. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan, fara ta sauka ta cinye duk wani kore, amma ta bar dogon yaro. Takan sauka a kansa, sai dai ba ta ci. A 1968 masu bincike biyu a Jami'ar Keele ta Ingila, Butterworth da Morgan, suka fitar da sinadarin da ke wannan aiki daga ƙwallon 'ya'yansa, aka sa masa suna azadirachtin. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi cin abinci, ya hana tsutsa saɓar da take yi kafin ta girma, ya rage hayayyafa.

Kada dai a ɗauka bishiyar ta gagari komai. A tsakiyar shekarun 1980, bayan farin 1983 da 1984 ya galabaitar da itatuwa, wani ƙanƙanin ƙwaro mai manne wa ganye yana tsotse ruwansa ya auka wa dogon yaro a yankin Tafkin Cadi, har da nan Barno. Ganye ya riƙa ƙonewa yana zuba. Bishiyar ta farfaɗo, amma an ga cewa mai magani ma yana kwanciya ciwo in ba a kula da shi ba.

Sannu a hankali maganin kwalba ya ture toka da ganye. Yana da sauri, ba musu, sai dai ya zo da nasa. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana tallarta a kasuwa, sinadarin dichlorvos ne a cikinta, guba mai ƙarfi. Saboda ragowarsa a jikin wake Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irinsa a kasuwanni. Jama'a, abin da aka ƙi karɓa a jikin busasshen wake, yaya za a fesa shi kan alayyahun da za a tsinka gobe a yi wa yara miya? A 2016 kuma sababbin baƙi biyu suka tayar da hankalin manoma: tsutsar tumatir da ake kira sharon, wadda ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, da tsutsar masara da ta ƙetaro daga nahiyar Amurka. Dukansu an san su da saurin sabawa da maganin feshi.

Tun da rikici ya ɓarke a 2009, lambun gida ya tashi daga abin marmari ya zama abin dogaro. Gona ta yi wa mutane nisa, ba wanda ya manta da manoman shinkafar Zabarmari da aka kashe a Nuwamba 2020, Allah Ya jiƙansu. 'Yan gudun hijira suka cika gari, aka koma shuka a buhu da tsohon bokiti da taya, hukumar abinci ta duniya FAO ma ta raba wa mata irin kayan lambu. Sai dai rashin shiga daji ya sa gatari ya juyo kan itatuwan cikin gari da kewaye don girki da gawayi. Ga kuma ambaliyar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta shafe gidaje da shuke-shuke a unguwanni da dama.

Da tsohuwar zuma ake magani. Ga yadda ake haɗawa: a tsinci 'ya'yan da suka nuna suka zubo, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare. A daka ƙwallon giram 500, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. A yi feshi da yamma, saman ganye da ƙarƙashinsa, domin rana tana kashe ƙarfin maganin. A maimaita duk mako, kuma a fara tun ƙwari ba su yi yawa ba. A ware masa turminsa, in ba haka ba ɗaci zai bi dakan gida. A wanke ganye sosai kafin a dafa, a kuma ajiye haɗin inda yara ba za su kai ba.

Kiranmu ga masu unguwa da limamai da matasan Umarari shi ne: wanda zai yi gini ya duba ko zai iya kauce wa bishiyar da ya tarar, mai neman itace ya sassabe reshe ya bar gindi, wanda ya sare ɗaya dole kuwa ya dasa biyu da faɗuwar damina, ya kewaye su saboda awaki. Waɗanda suka dasa na bakin titi sun daɗe da rasuwa, mu muke shan inuwar. Allah Ya saka musu da alheri, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.